Fiyanon Kawu

Da damina ne, a wata shekara da ruwa ya yi yawa har katangu suka riƙa zubewa, Kawu ya aiko a kira ni. Ba ya kira a waya, duk da cewa ni na ba shi ita, ni ne kuma mai gyara ta duk ranar da ta faɗa ruwa. A baki yake ba da saƙo. Direban da ke kawo kifi kasuwar Tudun Wada ne ya tsaya a ƙofar shagona, ko mota bai kashe ba, ya ɗaga murya ya ce, "Kawunka ya ce ka je, abin nan ya jiƙe."

Ban tambayi wane abu ba. A danginmu kaf, abu ɗaya ne ake kira "abin nan".

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Masunci ne a ɗaya daga cikin ƙauyukan da aka kafa wa mutanenmu a ƙasar Bebeji, bayan ruwan Tiga ya cinye garinsu na asali. Amma ba a masunci ya tashi ba. Manomi ne ɗan manomi, kafin a tare ruwan ko iyo bai iya ba. Lokacin da ake ginin madatsar yana saurayi, sai ya samu aikin kuku a gidan wani Bature injiniya. Shekara biyu yana soya wa mutumin dankali da ƙwai, shi kuma mutumin yana fita kullum da safe ya auno inda ruwa zai kai idan ya rufe gonar su Kawun. Da aiki ya ƙare Baturen ya tattara kayansa, abu ɗaya ya ƙi shiga akwati. Sai ya kira Kawu ya ce ya ba shi, ya riƙa tunawa da shi. Haka Kawu ya bar tsohon gari. An bar gona, an bar rijiya, an bar kaburburan kakanni, shi kuwa yana tafe da fiyano a ka, zuwa sabon garin da ba a kai wa wutar lantarki ba sai da gemunsa ya yi fari.

Tun ina ƙarami nake ganin abin a kusurwar ɗakinsa, a lulluɓe da tsohon bargo. Akwati ne na katako, tsawonsa kamar kamu biyu, da jerin haƙora farare da baƙaƙe a gaba, a samansu kuma wani allon ƙarfe cike da maɓallan murɗawa. Ba a bari a taɓa. Wasu su ce da shi Baturen yake magana da ƙasarsu, wasu su ce na'urar auna zurfin ruwa ce. Kawu ya ce kiɗa ake yi da shi, da kunnensa ya ji. Idan aka ce wane irin kiɗa, sai ya tsuke baki ya fitar da wani irin sauti, a fashe da dariya, Inna matarsa ta ce, "Malam, don Allah ka daina, ana kallonka."

Da na isa na tarar an fito da shi tsakar gida, an shanya a kan tabarma kusa da barkono. Rufin ɗakin ne ya yi yoyo, jar ƙasa ta zubo a kansa. Inna kuma ta riga ni fara gyara: ta wanke shi tas da soso da sabulu, ta ɗauraye da ruwa bokiti biyu.

Bayan mun gaisa na tambayi jiki da ruwa da kifi, Kawu ya nuna abin da haɓa.

"Ɗan nan, an ce kai ne mai gyara a Tudun Wada."

"Ana taɓawa, Kawu."

"To ga shi nan. So nake in ji muryarsa ko sau ɗaya ne, kafin a kira ni."

Na durƙusa na ƙwanƙwasa katakon, na murɗa maɓalli biyu, na yi irin shirun da masu gyara ke yi don a san abin ba ƙarami ba ne. Shekarata goma sha biyar ina gyaran wayar hannu. Mutumin da ke liƙa abin da bai kai ƙwayar gero ba, me zai ba shi tsoro a akwatin da kan jariri zai shiga cikinsa?

Na ce, "Mako biyu, Kawu, in Allah ya yarda."

Na ɗaure shi a bayan babur da tsohon tif, na kama hanya.

Washegari na kwance shi a shago. Abin da na fara gani shi ne ba a bar shi haka nan ba duk shekarun nan, an zauna a ciki. Ɓeraye sun yi sheƙa da audugar katifa a ɓangaren hagu, da ɓawon gyaɗa fiye da cikin kwano. Zanzaro ya gina ɗakunansa na laka a jere a kan wayoyi. Haƙora uku sun karye, maɓallai huɗu sun ɓata, tsatsa ta ci sukurori. Kwana uku ina sharewa da buroshin goge baki da sifirit, ina busarwa. Da na gama sai cikin ya fito fes, wayoyi ja da shuɗi da rawaya an ɗaure su a tsare kamar kitso. Ya ba ni sha'awa ƙwarai. Ya ba ni sha'awar da ban tsaya karanta ɗan rubutun da ke bayansa kusa da wayar wuta ba.

Na yanke tsohon fulogin, don bakinsa bai dace da soket ɗinmu ba, na sa sabo. Na tayar da janareta, na yi bismillah, na kunna.

Wata 'yar fitila ja ta kama, na ce yawwa. Sai na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, hayaƙi mai kauri ya turnuƙe daga bayansa, wari ya cika layinmu. Tela maƙwabcina ya fito da gudu da butar alwala. Da hayaƙin ya lafa na juya akwatin na karanta rubutun. An ƙera shi ne don wutar wata ƙasa, wadda ƙarfinta rabin tamu ne. Taransfomarsa, wato dunƙulen ƙarfe da nannaɗaɗɗiyar waya mai rage ƙarfin wuta kafin ta shiga ciki, ta ƙone ƙurmus. Abin da ɓeraye da zanzaro da ruwan sama da sabulun Inna suka kasa a kusan shekara hamsin, ni na gama shi kafin a ƙirga uku.

Da mako biyu suka cika na aika wa Kawu ta bakin direban kifi cewa ɓeraye sun yi ɓarna fiye da yadda na zata.

Daga nan na koma bincike a waya. Na ɗauki hotonsa na nema, sai ga 'yan'uwansa. Ashe ba fiyano ba ne irin wanda mawaƙanmu ke amfani da shi. Sintesaiza ake ce masa, na farkon zamani, wanda ba a adana masa sautin komai a ciki ba, da wutar lantarki tsagwaronta yake ƙirƙirar murya, mai kiɗa ya lanƙwasa ta da maɓallan nan. Na ga Turawa masu furfura a ɗakuna masu sanyi suna buɗe irinsa da safar hannu. Na samu taswirar wayoyinsa ma, shafi shida. Abin da ban samu ba shi ne taransfomar. Na zaga masu sayar da kayan gyara har Kano. Duk wanda na nuna wa sai ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ai ta girme ni."

Mutum ɗaya na sani da zai iya, kuma shi ne wanda ba na son zuwa wurinsa. Maigidana ne, wanda ya koya min gyaran rediyo a Doguwa shekara shida, a gidansa nake ci nake kwana. Ranar da zan bar shi, da ƙuruciya da rawar kai, na ce masa rediyo ya mutu, zamanin waya ne, ya kamata shi ma ya nemi abin yi. Tun daga nan gaisuwar salla kawai ke haɗa mu, ita ma a waya.

Na sayi goro da sukari, na sa ƙonanniyar taransfomar a jaka, na bi ta dajin Falgore ana yayyafi.

Na same shi a zaure a kan buzu. Yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga inuwar mutum. Bayansa ɗakin nan ne da na sani, matattun rediyoyi a jibge har rufi. Na tsuguna na gaishe shi, ya gane muryata tun kafin in faɗi ko ni wane ne. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi zamanin waya. Na ce lafiya lau. Sannan na miƙa masa taransfomar, na fara bayanin ɓeraye.

Ya kai ta hanci ya shinshina.

"Ɓeran nan naka," in ji shi, "da janareta ya zo?"

Na sunkuyar da kai.

"Ba ka karanta bayan akwatin ba."

"Ban karanta ba, Baba."

"Shekara shida ina cewa a karanta baya kafin a kunna gaba. To, ba komai. Ɗauko wuƙa da kujera."

Kwana huɗu na yi a Doguwa. Muka zare ƙarafunan taransfomar ɗaya-ɗaya, sannan aka zo warware ƙonanniyar wayar. Dole a san zagaye nawa aka naɗa, don a naɗa sabuwa ninki biyu ta karɓi wutarmu. Ni nake warwarewa ina ƙirgawa da ƙarfi, shi yana zaune yana jan carbi kamar ba ya tare da ni. Na wuce ɗari huɗu, sai wani Bafulatani ya yi sallama da rediyonsa a rataye a kafaɗa. Na amsa, muka gaisa, na tambayi shanu. Da na juyo, lissafi ya gudu. Wayar da aka warware kuwa ba ta komawa.

"Ɗari huɗu da talatin da bakwai," in ji Baba, bai ko ɗago kai ba. Ashe ba tasbihi yake yi da carbin ba.

Sabuwar wayar daga cikin wata matacciyar fanka muka ciro ta. Shi ya zaɓe ta da yatsu, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni ya ce wannan ta yi kauri, waccan ta yi. Na naɗa, yana sa hannu yana shafawa, inda na haɗa zagaye biyu a kan juna ya ce in warware. Da muka gama ya sa na karanta masa taswirar nan daga waya, ina faɗin lambobin ƙananan kayan ciki, shi kuma yana cewa, "Shiga ɗaki, layi na uku daga ƙasa, akwai wani rediyo mai jan akwati da ba shi da hannu, buɗe shi za ka samu biyu." Kuma in samu. Na baro Doguwa da gwangwanin madara cike da kayan da na yi ta nema a birni, duk daga cikin abin da na ce ya mutu.

Da zan tafi na ce ya yafe min maganar da na yi a da. Ya ce, "Wace magana?" Na san ya tuna, shi ma ya san na sani.

Saura haƙora. Wani abokin cinikina ya kwatanta min wani dattijo a Ɗansoshiya mai sassaƙa ƙotar wuƙa da ƙahon sa. Na kai masa haƙori ɗaya lafiyayye na ce guda uku nake so irinsa. Ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Malam, wace dabba ce wannan?" Na yi masa bayani, bai gamsu ba, amma ya sassaƙa. Sun fito da ɗan rawaya-rawaya, ɗaya ma da ɗan lanƙwasa kamar yana son komawa kan mai shi, amma sun zauna daram. Maɓallan da suka ɓata na maye su da na rediyo, ba biyu masu kama da juna.

Damina ta wuce, aka yi girbi, aka shiga sanyi. Wayoyin mutane suka taru a shago, ina cewa a dawo gobe. Matata ta daina tambayata yaushe zan gama, ta koma tambayar ko Kawu ya san mako nawa ne a cikin mako biyu. Kowane haƙori akwai siririyar waya a ƙarƙashinsa da ke taɓa wani dogon ƙarfe idan an danna, duk sun yi baƙi. Ɗaya bayan ɗaya na goge su da robar goge fensir. Na canja duk abin da ya kumbura ko ya tsage, na bi kowace tsohuwar dalma na sake narka ta.

Ranar da zan sake kunnawa sai da na karanta bayansa sau biyu, duk da ni na naɗa taransfomar da hannuna. Fitilar ta kama. Ba hayaƙi. Na jona shi da sifika, na danna haƙori ɗaya.

Wani kuka ya fito, ya faro daga ƙasa kamar saniya, ya yi sama kamar sauro a cikin kunne, ya tsaya can yana karkarwa. Akuyar da ke kwance a ƙofar shago ta miƙe ta bar layin. Ni kuwa hawaye ne ya cika min ido. Wata biyar! Tela ya leƙo, ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce cikin tausayi, "Sannu. Allah ya sa ka gano matsalar."

Ni ma ban yarda ya gyaru ba. Abu biyu suka dame ni. Na farko, idan na danna haƙora biyu ko uku tare, ɗaya kawai ke magana. Na biyu, idan na daidaita muryarsa da safe, kafin azahar da kwanon shago ya ɗau zafi sai ta zame ta yi sama. Mako uku na yi ina farautar waɗannan cututtuka. Na kwance abin da na ɗaura, na sake goge abin da na goge, na kira Baba a waya har sau biyar. Rannan ina cin abinci ina kallon wani bidiyo, sai ga wani tsohon Bature yana rungume da irinsa sak, yana bayani da alfahari cewa murya ɗaya tak yake fitarwa a lokaci guda, kuma zafi na sa muryar ta zame, wai wannan ne ma daɗinsa, na zamani ba su da wannan rai. Na ajiye cokali. Mako uku ina neman warkar da shi daga halin da aka haife shi da shi.

Labari ya kai Ƙiru, wurin wani mawaƙi mai ɗakin ɗaukar waƙa, wanda ke yi wa amare da 'yan takara. Ya zo da kansa, da baƙin gilashi da turare. Ya zaga akwatin, ya ce, "Ina maɓallin kalangu?"

Na ce babu.

"Ganga fa? Algaita?"

"Babu ko ɗaya. Kai za ka haɗa muryar da kake so."

"Ina ake sa memori?"

Na ce lokacin da aka yi shi ba a haifi memori ba. Ya danna haƙora uku da gwaninta, ɗaya ya amsa. Ya cire gilashin ya dube ni, ya fito da wayarsa ya nuna min wata manhaja mai kayan kiɗa fiye da ɗari, ya ce kyauta ya sauke ta. Amma kafin ya tafi ya roƙi in sake yin kukan nan na farko ya ɗauka, wai akwai masu wasan barkwanci da ke neman muryar aljani.

Wannan ya ɓata min rai, ya kuma sa na ɗaura niyya. Na zauna da maɓallan nan ina koyon halin kowanne. Wannan yana kaurara murya, wancan yana rufe ta kamar an sa hannu a baki, wani yana sa ta rawa. A hankali na lallashe shi har ya fitar da wata murya siririya mai taushi, kamar sarewar makiyaya. Na sa alli na yi wa kowane maɓalli alama a inda ya tsaya. Na koyi wani ɗan kiɗa da nake ji a wurin masu kiwo a hanyar Doguwa, na maimaita shi har tela ya fara bin sa da fito yana ɗinki.

Sai da zafi ya shigo, shinkafar rani ta fara fitar da kai, na mayar wa Kawu kayansa. Wata bakwai ke nan da mako biyun.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Aka aro batir da inbata a wurin mai cajin waya, aka aro lasifika a wurin mai tallar maganin gargajiya. Maza suka zauna, mata suka tsaya a bakin zaure, Inna a gabansu. Kawu yana kan kujera da sabuwar hula. Na duba alamomin allina, na jira abin ya ɗumama, na fara.

Ban taɓa yin sa da kyau kamar ranar ba. Muryar ta tashi a hankali ta bi ta kan rufin gidaje. Da na gama aka ce Masha Allah, wani tsoho ya ce ashe abin arziki ne aka lulluɓe da bargo. Na juya wurin Kawu ina jiran albarka.

Fuskarsa a murtuke take.

"Ɗan nan, me ka yi masa?"

"Gyara shi na yi, Kawu."

"Wannan ba muryarsa ba ce. Matsa."

Ya taso ya durƙusa a gaban akwatin. Da hannayen nan nasa da igiyar komar kamun kifi ta cinye, ya kama maɓallaina ya murɗe su yadda ya ga dama, wannan har ƙarshe, wancan baya, alamomin allin da na yi mako biyu ina nema duk suka tashi a banza. Sannan ya ɗora yatsa ɗaya a kan haƙorin ƙaho ya danna.

Abin da ya fito daga lasifikar mai magani ya fi wanda ya kori akuya muni. Gurnani ne da shewa da wani fuuu kamar iska a bututu, yana hawa yana sauka. Jarirai suka fashe da kuka. Kaji suka watse. Kawu kuwa fuskarsa ta washe har ana ganin gibinsa.

"Yawwa! Shi ne wannan!"

Kuma wallahi shi ne. Sautin nan ne da yake yi da baki tun muna yara ana yi masa dariya, bai ƙara ba bai rage ba. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Ikon Allah! Malam, ashe gaskiya kake faɗa."

"To da me kuka ɗauka?"

Wani ya ce, "Amma Baba, wannan ne kiɗan?"

"Shi ne. Baturen nan bai iya komai ba. Kullum ya dawo daga aiki ya yi wanka, sai ya zauna ya yi ta wannan har abinci ya huce. Ni ban taɓa ce muku da daɗi ba. Cewa na yi na ji."

Aka yi ta dariya, har da masu share hawaye. Shi bai yi ba. Ya koma can ƙarshen hagu ya danna haƙori mafi kaurin murya, ya riƙe. Ya ce, ba da kowa yake ba, tagar kicin ɗin Baturen tana kallon gabas, daga nan yana hango ɗorawoyin gonar babansa. Ruwa ya fara taruwa a lokacin. Kullum da yamma yana yanka albasa, wannan abu yana kuka a falo, shi kuma yana duba saura nawa a jikin bishiyoyin. Ran da ya duba bai ga komai ba, miyar ta yi gishiri, Baturen ya yi faɗa.

Ya ɗaga yatsansa. Ya ce a ba shi buta, magariba ta kusa.

Da mutane suka watse na bi shi har bakin rijiya. Na ce akwai maganar da nake so in faɗa, game da ɓerayen nan.

"Na hayaƙi?" in ji shi yana wanke ƙafa. "Ai a makon direba ya gaya min. Ya ce har tela ya kawo ruwa."

"Kuma ba ka ce komai ba, Kawu?"

"In na ce, kunya za ta sa ka dawo min da shi a mace. Da na yi shiru ba ga shi ka gyara ba?"

Kafin in tafi na yi masa bayanin darajar abin. Na ce a ƙasashen waje irinsa sai gidan masu hali, a ɗaki mai sanyi ake ajiye shi, ba a bari ƙura ta taɓa. Na ce ya kamata a samo masa akwati mai gilashi. Kawu ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Su can ba su da jan-baki ne?"

Jan-baki su ne 'yan tsuntsayen nan da ke sauka a gonar shinkafa dubu-dubu idan ta fara nuna. A shekarar sun addabi masu noman rani a bakin ruwa, mutane na wuni suna ihu da kaɗa gwangwani har murya ta dushe. Kawu yana da 'yar gonarsa a can. Ya lura da yadda kaji suka yi.

Bayan kwana biyu aka kafa rumfa a tsakiyar gonar, aka ɗora lasifika a kan gora, aka sa faifan sola a rufin. Na ce Kawu wannan ba daidai ba ne. Ya ce kayana ne ko nasa? Na ce nasa ne. Na dai roƙa a riƙa rufe shi da leda idan an tashi.

Ya yi aiki fiye da yadda kowa ya zata. Da garken tsuntsaye ya karkato, Kawu zai danna, su tashi kamar an watsa musu wuta, su faɗa gonar maƙwabci. Kwana tara ana haka. A na goma suka saba, har wasu na sauka a kan lasifikar. Na ɗauka an gama ke nan, zan karɓo abina in adana. Amma Kawu ya gano cewa idan ya murɗa maɓallan ya sauya kukan, sai su sake firgita. Sai ya zama kullum da sabon sauti yake fita. Cikin wata guda ya san halin maɓallan nan fiye da ni, ya san wanda ke korar na safe da wanda ke korar na yamma, ya kuma san ƙarfe nawa zafi ke sa muryar ta zame, ya bi ta ya dawo da ita. Maƙwabtan da tsuntsayen suka koma wa suka zo da ƙorafi, aka zauna, aka yi sulhu a kan za a riƙa zagayawa da rumfar gona-gona, amma Kawu ne mai dannawa, don ya ce ba ya ba da aron kayan kiɗa ga wanda bai iya ba.

Yanzu duk mako biyu nakan je ranar Juma'a da buroshi da sifirit, in buɗe shi in fitar da ƙaiƙayi da tururuwa. Zuwana na ƙarshe na tarar da shi a rumfa da malafa, ƙafa ɗaya a kan ɗaya, ya ce haƙorin ƙaho na tsakiya yana maƙalewa idan an yi raɓa. Na kankare gefensa da reza har ya saki. Na tambaye shi ko in an yanke shinkafa zan iya tafiya da shi Tudun Wada ya huta.

Ya ce a'a, masu gero daga Badafi sun riga sun aiko, suna so da kaka. Sannan ya ɗaga min hannu in yi shiru, don ya hango wani garke yana tahowa daga bakin ruwa.